Hunza: Kwarin da Makaranta ta Zama Gona ta Biyu

Mun bar Rawalpindi ta ƙasar Pakistan bayan sallar asuba a ƙarshen watan Satumba, muka nufi arewa zuwa kwarin Hunza ta garin Gilgit. Hanya biyu ce ke kai mutum Gilgit ta ƙasa. Ta farko ita ce babbar hanyar Karakoram, wadda ke bin gefen kogin Indus ta Besham da Dasu, kuma ana bin ta rani da damina. Ta biyu tana ratsa Naran ta haye mashigar Babusar mai tsayin mita 4,173. Ta fi gajarta da sa'o'i da dama, amma dusar ƙanƙara na toshe ta daga wajen ƙarshen Oktoba har zuwa Yuni. Mu ta biyun muka bi, muka gangaro kusa da Chilas inda hanyoyin suke haɗuwa. Akwai jirgin sama daga Islamabad zuwa Gilgit, tafiyar kamar sa'a ɗaya, sai dai ƙaramin jirgi ne da ke ratsa tsakanin duwatsu, da zarar hadari ya taso sai a soke tashinsa. Wanda zai dogara da shi ya ware kwana biyu na ko-ta-kwana. Baƙo kuma ya tanadi kwafin fasfo da na biza kamar goma ko fiye, domin a shingayen hanya ana karɓar ɗaya a rubuta suna.

Bayan Chilas dutsen Nanga Parbat ya bayyana ta dama, mita 8,126, fari fat. Gaba kaɗan, kusa da Jaglot, direba ya tsaya inda kogin Gilgit ke zubawa cikin Indus. A nan jerin duwatsu uku suke haɗuwa: Himalaya da Karakoram da Hindu Kush. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wurin shi ne fari. Mai jin labarin manyan duwatsu yakan zaci daji ne kore shar, alhali tsandauri ne, duwatsu tsirara masu launin toka, ba ko ciyawa.

Daga Gilgit zuwa Karimabad kimanin kilomita 100 ne, sa'a biyu da 'yan kai. Kogin Hunza ne ya raba kwarin gida biyu: Nagar a wancan gefe, ƙarƙashin Rakaposhi mai mita 7,788, Hunza a wannan. A da masarautu biyu ne da ba sa ga-maciji, daga baya aka haɗa su gunduma ɗaya, sannan a 2015 aka raba, kowacce ta ci gashin kanta. Aliabad ce cibiyar ofisoshi da kasuwa. Karimabad tana sama da ita, kimanin mita 2,400 daga doron teku, wato kusan tsayin Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya. Gundumar ta miƙe daga nan har kan iyakar Sin.

Kafin a fahimci makarantun Hunza sai an fahimci ruwanta. Ruwan saman da ke sauka a ƙasan kwarin bai kai milimita 200 a shekara ba, ba ya isa ko da noman gero. Kogin kuma yana can ƙasa cikin rami, gonaki suna sama da shi nesa. Saboda haka duk wani koren da ido ya gani, hannun mutum ne ya kawo masa ruwa. A saman duwatsu akwai kogunan ƙanƙara da suka daskare shekaru aru-aru, suna narkewa da bazara. Daga bakin na Ultar ake tare ruwan Karimabad. Na bi ɗaya daga cikin magudanan da ƙafa. Faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, an sassaƙe ta a jikin dutse, inda dutsen ya ƙi sassaƙuwa an jera bango na duwatsu ya tallafe ta, kuma gangarenta kaɗan ne ƙwarai. In gangaren ya yi yawa ruwa ya cinye bangon, in ya yi kaɗan yashi ya kwanta ya toshe hanya. Ruwan launin toka gare shi saboda garin dutsen da ƙanƙara ta niƙe, shi ya sa ake haƙa ƙananan ramuka a hanya domin laka ta kwanta. Kowace bazara ana fita yasa, kowane gida ya ba da mutum ɗaya ko ya biya tara, sannan a raba ruwa bi da bi tsakanin unguwanni da zuriyoyi. Aikin gayya ne, amma mai doka da mai tsaro.

Gonar da ruwan ke shayarwa ba ta da yawa. Galibin gidaje abin da suke nomawa bai kai hekta ɗaya ba, a fuloti ƙanana hawa-hawa kamar matakala. A ƙasan kwarin ana samun girbi biyu, alkama sannan masara. A sama, yankin Gojal, girbi ɗaya ne. Dankalin turawa shi ne na sayarwa, sai tuffa da ceri da afirikot, wani ɗan itace mai ruwan ɗorawa da ake tsagawa a shanya bisa rufin ɗaki, a kuma matse mai daga ƙwallonsa. Tsofaffi suna tuna yunwar ƙarshen hunturu, lokacin da rumbu ya ƙare sabon amfani bai nuna ba. Uba mai 'ya'ya maza huɗu in ya raba irin wannan gona, ba wanda zai ci da iyalinsa. A ganina nan ne tushen son karatun mutanen Hunza: ƙasa ba ta ƙaruwa, dole a nemo wa yaro wata gonar.

Fadar Baltit tana zaune a kan tudu bisa Karimabad, shekarunta kimanin 700. An gina ta da dutse da laka da katakai da aka sarƙe cikin bango domin ta jure girgizar ƙasa. Daga nan sarakunan Hunza, masu laƙabin Mir, suka yi mulki. Suna aika gaisuwar garin zinariya ga hukumomin Sin a Kashgar, mutanensu kuma sun yi suna wajen tare ayarin fatake. A ƙarshen 1891 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Algernon Durand suka ci Nagar da Hunza bayan yaƙin Nilt. Mir Safdar Ali ya gudu Sin, aka naɗa ɗan'uwansa Muhammad Nazim Khan a 1892. A 1947 masarautar ta bi Pakistan, a 1974 kuma gwamnatin Zulfikar Ali Bhutto ta rushe sarautar a zamanin Mir Muhammad Jamal Khan. Iyalan sarki sun bar Baltit tun 1945, ginin ya fara zubewa, sai da aka gyara shi aka buɗe wa masu ziyara a 1996. Har yau Gilgit-Baltistan, yankin da Hunza take ciki, ba cikakken lardi ba ne a tsarin mulkin Pakistan. Yana da majalisarsa, amma mutanensa ba su da kujera a majalisar ƙasa.

Yawancin mutanen Hunza Musulmi ne 'yan Shi'a Isma'iliyya, mabiya imaminsu mai laƙabin Aga Khan, kuma sunan Karimabad ma daga sunan Karim Aga Khan na huɗu aka samo shi, wanda ya fara ziyartar kwarin a 1960. Ɗakin ibadarsu, jamatkhana, na mabiya ne kaɗai, don haka baƙon da ke neman masallaci ya tambayi mai masaukinsa. A Ganish, tsohon gari da ke ƙasan Karimabad, mutanen 'yan Shi'a Imamiyya ne, suna da ƙananan masallatai na katako masu sassaƙa.

Tarihin boko a nan ya ɗauki saiti ne a 1946. A shekarar aka yi bikin cikar Aga Khan na uku, Sultan Muhammad Shah, shekara 60 a kan imamanci, aka auna nauyinsa da lu'ulu'u a Bombay da Darussalam. Daga dukiyar bikin aka buɗe makarantun firamare a ƙauyukan arewa, waɗanda har yau ake kira makarantun DJ, daga sunan bikin da Ingilishi, Diamond Jubilee. A lokacin ba hanyar mota, yaron da ya gama firamare yana son ci gaba sai ya taka zuwa Gilgit, tafiyar kwanaki. Mutanen nan suna yawan jingina wa wannan imami wata magana: wanda yake da ɗa da 'ya, ƙarfinsa na karatun ɗaya ne kawai, to ya sa 'yar. Da umarni ya fito daga shugaban addini, uba bai da sauran hujjar tsare 'yarsa a gida, sannu a hankali azuzuwan mata suka cika.

Abu na biyu da ya sauya lissafi shi ne hanya. An gama hanyar Karakoram a 1979, aka buɗe mashigar Khunjerab da ke kan iyakar Sin ga matafiya na waje a 1986. A 1982 aka kafa shirin raya karkara na Aga Khan a Gilgit ƙarƙashin Shoaib Sultan Khan, wanda ya sa ƙauyuka kafa ƙungiyoyi da asusun ajiya, na maza daban na mata daban. Kuɗin dankali da na 'ya'yan itace ya fara shigowa, kuma kaso mai tsoka ya tafi kuɗin makaranta. Gine-ginen makarantu ma da aikin gayya aka yi su, kamar magudanan ruwa: gari ya ba da fili da dutse da yashi da ƙarfin hannu, hukumar ilimi ta Aga Khan ta kawo siminti da kayan rufi da injiniya. Makarantar da mutum ya ɗauko dutsenta a bayansa, ba ya yarda malami ya yi fashi a cikinta.

Yau iri uku ake gani. Akwai na gwamnati, kyauta, da Urdu da Ingilishi. Akwai na hukumar Aga Khan, da suka haɗa da babbar sakandaren 'yan mata ta Karimabad mai ɗakunan kwana, wadda ake shiga da jarrabawa. Sai na al'umma, da iyaye suka kafa da kansu tun shekarun 1990 saboda suna son Ingilishi tun daga aji ɗaya, kamar Al-Amyn a Gulmit da Hasegawa a Karimabad. Ta biyun an sa mata sunan Tsuneo Hasegawa, ɗan Japan mai hawan dutse da ƙanƙara ta binne a Ultar a 1991. Jami'ar Karakoram da aka kafa a Gilgit a 2002 tana da reshe a Hunza. Da hantsi na tsaya bakin titi ina kallon yara cikin kayan makaranta suna gangarowa ta lunguna, kuma ban ga 'yan mata sun gaza maza yawa ba.

Matsalolin kuwa a fili suke. Na farko harshe. A tsakiyar Hunza Burushaski ake yi, harshen da masana ba su tabbatar masa da dangi ba a duniya. A Gojal Wakhi ne, a ƙasan kwarin Shina, a Mominabad kuma akwai Domaaki da ke gab da ɓacewa. Ba ɗaya daga cikinsu da ake jarrabawa da shi. Yaro ɗan shekara biyar yana shiga aji ya tarar da baƙin harsuna biyu a lokaci guda, kuma inda malamin kansa Ingilishinsa bai nuna ba, hadda ce ke maye gurbin fahimta. Na biyu sanyi: ana rufe makarantu daga Disamba zuwa wajen ƙarshen Fabrairu, kafin nan da bayan nan aji sai da murhun ƙarfe da itace. Wutar lantarki daga ƙananan injinan ruwa take, da hunturu ruwan ya daskare, wuta ta ɗauke yawancin yini, ɗakin kwamfuta ya zama ɗakin ajiya. A Janairun 2025 mutane suka tare babbar hanya a Aliabad kwanaki a kan wannan. Na uku shi ya fi damuna: makarantar al'umma da kuɗin iyaye take tafiya, albashinta kaɗan ne, don haka malamin da ya goge yakan koma aikin gwamnati ko ya gangara birni. Ɗaliban da suka fi ƙoƙari su ma Gilgit da Islamabad da Karachi ke ɗauke su, domin kwarin ba shi da aikin da zai riƙe masu digirin da yake fitarwa.

Dutsen da ke ba da ruwa shi ne kuma ke yanke hanya. Daga Karimabad muka haura zuwa Attabad, inda ranar 4 ga Janairun 2010 gefen dutse ya zaftare, ya kashe mutum 20, ya toshe kogin Hunza. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 21, ya haɗiye gonaki da gidaje da wani sashe na hanya. Shekara biyar mutanen Gojal da kayansu da ɗalibansu a kwalekwale suke ƙetarawa, sai a Satumban 2015 aka buɗe ramukan da aka huda cikin dutse. A Mayun 2022 kuma tafkin da ya taru a bakin ƙanƙarar Shisper ya fashe, ya tafi da gadar Hassanabad. Tafkin Attabad shuɗi ne shar, yanzu otal-otal sun kewaye shi.

Bayan Gulmit da Passu akwai wata hanya da ta ratse dama zuwa Shimshal, ƙauyen da mota ba ta isa ba sai 2003, bayan shekaru ana fasa dutse. Daga can Samina Baig ta fito, macen Pakistan ta farko da ta hau Everest, a 2013. Mu muka miƙe zuwa Sost, garin kwastan, sannan Khunjerab, mita 4,693. A can numfashi gajere ne. Kada mutum ya haura ranar da ya iso kwarin, ya kwana biyu a Karimabad tukuna, ya sha ruwa sosai, in ciwon kai da amai suka kama shi maganinsa saukowa.

A dawowa na shiga ƙaramar bas daga Aliabad zuwa Gilgit. Kusan rabin fasinjojin ɗalibai ne masu komawa kwaleji, an ɗaure jakunkunansu a saman mota tare da buhunan busasshen afirikot da iyaye suka haɗa musu guzuri.