Abin da Burmi ta koya mini a aikin koyar da tarihi

Duk malamin tarihi a Gombe ya haddace waɗannan shekarun. Turawa sun shiga Bauchi a 1902, suka ci Kano a Fabrairun 1903, sannan Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita da jama'arsa ya nufi gabas, aka tare shi a Burmi, nan kusa da Bajoga, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903. Su ma Turawan sun rasa Manjo Marsh a wurin. Iyakar abin da muke rubutawa a allo ke nan, yara su kwafa, su ci jarrabawa. To amma akwai tambayar da ɗalibai ba sa fasa yi mini, kuma ba ta da amsa a cikin rahotannin Turawa: me zai sa talaka ya bar gonarsa ana shirin shuka, ya kwashi mata da 'ya'ya, ya bi sarkin da aka riga aka ci da yaƙi?

A gida na sami bakin zaren. Kakata, Allah Ya jiƙanta, takan ambaci wasu dangin mahaifiyarta da "suka tafi gabas" ba su dawo ba. Ba ta taɓa kiran su masu gudun tsira ba. A wurinta mutane ne da suka ga ƙasa ta faɗa hannun Nasara, suka yi imani cewa hijira ta wajaba a kansu, ga kuma tsohon zancen bayyanar Mahadi daga gabas yana ƙara musu ƙarfin gwiwa. Wanda ya cire imani daga labarin nan, taron mutane kawai zai gani a kan hanya, ba zai gane abin da ya tashe su ba. Kuma tafiyar ba ta ƙare a Burmi ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da waɗanda suka tsira har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a gaɓar Nilu, jikokinsu na nan har yau.

Abin da ya fi ba ni wuya wajen fahimtar da yara shi ne waɗanda suka zauna. Jinin ƙuruciya ne, nan da nan sai su ce matsorata. Ni ban yarda ba. Waziri Buhari, wanda ya koma Sakkwato ya sasanta da Turawa, sai da ya rubuta wa malamai risala yana kafa hujjar zamansa da addini. Da mai tafiya da mai zama, kowa tsoron Allah ya sa a gaba, kuma kowa ya biya da tsada.

Labarin kaka ma yana da nasa raunin. Takan cuɗa yaƙin 1903 da kamun Malam Jibrilla Gaini, jagoran Mahadiyya da ya zauna a Burmi, wanda Turawa suka kama tun 1902 suka kai shi Lokoja. Nan takarda ce ke gyara ta, kuma hakan bai rage mata daraja a idona ba.

Da na fara rubuta ƙagaggen labari a kan wannan hijira, sai na gindaya wa kaina sharaɗi. Ina da damar ƙirƙirar yarinya mai goyon ƙaninta a cikin ayari, in ba ta ƙishirwa da tsoro da addu'ar da take maimaitawa. Amma ba na sa wa Sarkin Musulmi ko Waziri magana a baki. Gobe wani zai kwafe ta ya sa a Facebook a matsayin tarihi, alhali ni na ƙaga, kuma haƙƙin mamatan yana wuyana.

Yanzu kowane zango nakan tura ɗalibai su zauna da tsofaffin gidansu. Wata ɗaliba Batangaliya ta kawo abin da kakanta ya ji game da 'yan mishan da suka sauka a Kaltungo a 1917, da yadda gida ɗaya ya rabu biyu a kan sabon addini. Ta karanta a gaban aji, 'yan Nafada da Dukku suka yi ta yi mata tambayoyi har aka kaɗa ƙararrawa.