Gurasar kwakwar da na koyo a Beruwala

Maigidana ya daɗe yana harkar duwatsu masu daraja. Yana sayo shuɗin dutsen nan na Mambila a Taraba, kuma mafi yawan masu saye a hannunsa 'yan Siri Lanka ne. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mutumin Beruwala, shi ya matsa sai mun je gidansa, ya ce a zo da uwargida. Da haka na samu shiga tafiyar.

Batun jirgi ba abin faɗa. Mun sauka Kolombo da dare, muka kama ɗaki a wani masauki. Mai karɓar baƙi na ganin koren fasfo ya canza fuska, ya ce sai mun biya kuɗin kwanakin duka kafin ya ba da mabuɗi, alhali Turawan da ke gabanmu ko tambayarsu bai yi ba. Na so in yi magana, maigida ya ce in bari. Har yanzu abin yana ci mini rai. Washegari muka tattara kayanmu.

Kafin mu bar birnin mun shiga kasuwar Pettah, mun yi salla a Jan Masallaci, wanda aka kammala a 1909, mai zanen ja da fari tun daga ƙasa har sama. Masu a-daidaita-sahu a can ma suna nan da halinsu. Mai mita ba ya zaluntarka, amma wanda ya ce mitarsa ta lalace sai ya ninka maka kuɗi sau uku. Daga tashar Fort muka hau jirgin ƙasa zuwa kudu, tafiyar kusan kilomita 60, layin dogon yana bin bakin teku har wani wurin sai ka ji feshin ruwa ta taga. Kuɗin tikitin bai kai abin da nake biya daga Kurna zuwa Sabon Gari a sayo kayan miya a dawo ba. Wannan ya tsaya mini a rai, ƙasar da a 2022 ta shiga matsin da har mutane ke kwana a layin mai, shugabansu ya gudu, amma jirgin talaka bai daina tafiya ba.

Musulmi kusan kashi 10 cikin ɗari ne a ƙasar, kuma Beruwala na cikin tsoffin garuruwansu. Maza suka wuce kasuwar duwatsu ta China Fort, inda ake ciniki a tsaye a bakin titi, kowa da ƙunshin farar takarda a aljihu yana ɗaga dutse yana duba shi a hasken rana. Ni kuwa aka shigar da ni cikin gida wurin Hajiya, matar dattijon, da tsohuwar surukarta.

Da asuba na ji wani ƙara daga kicin, ƙurr ƙurr, ba ƙaƙƙautawa. Na leƙa, sai ga tsohuwar zaune a kan wata 'yar kujerar katako mai ƙarfe mai haƙora a goshinta, tana goga rabin kwakwa a jiki, farin garin yana zuba a faranti. Na gaishe ta na ce, “Inna, kawo in taya ki.” Jikarta ta fassara mata, ta yi dariya ta matsa mini. Aikin yana son a riƙa juya ɓawon a hankali, kada a kai ga baƙin bayan, don yana ɓata launin gurasar.

Suna kiranta pol roti. Hajiya ta zuba fulawa kofi biyu, gogaggiyar kwakwa kusan kofi ɗaya da rabi, gishiri, yankakkiyar albasa, ɗanyen barkono kore da ganyen kori. Ba yis, ba suga, ba mai. Sai da ta murtsuke kwakwar cikin fulawar da hannu har danshinta ya fito, sannan ta riƙa yayyafa ruwa kaɗan kaɗan. Ta ce, “'Yar'uwa, kwakwar ce ke ba da maiƙo, in kin cika ruwa kin ɓata.” Aka rufe ƙullun ya huta kamar rabin awa, aka gutsura shi dunƙule dunƙule, aka faɗaɗa kowanne da tafin hannu ya yi kaurin ɗan yatsa ƙarami, aka ɗora a busasshen kasko a wuta marar ƙarfi. Yana fara yin ɗigo ɗigon ƙuna sai a juya. Ƙanshin kwakwar da ke gasuwa ya cika gidan har tsakar gida.

Abin da ya fi kama ni shi ne mahaɗin, lunu miris. Ƙananan jajayen albasa, busasshen barkono, gishiri, da wani busasshen kifi mai tauri da ake kawowa daga tsibiran Maldif, sai an farfasa shi kafin ya daku. Inna ta niƙa su a kan dutse, ba ta bari ya yi laushi ba, a ƙarshe ta matse lemon tsami. Na ɗauka mu Kanawa mun gama da yaji, mu da muke cin bandashe da ƙuli-ƙuli da barkono da rana tsaka, amma wannan daban yake, tsami da gishiri da zafi suna zuwa lokaci guda. Akwai kuma na biyu, seeni sambol, albasa ce ake soyawa a hankali da suga da tsamiya da kirfa har ta yi duhu, shi yara suka fi so. Muka ci da shayi mai zafi, da hannu, a ƙasa.

Gurasarmu ta tanda ta fi laushi, wannan ba gardama. Amma tasu tana riƙe ciki har azahar, kuma mace za ta iya yin ta kafin yara su gama shirin makaranta. Hajiya ta yi ta kukan tsadar kwakwa, wai da daga bayan gida ake tsinkowa, yanzu sai an ƙirga. Duk da haka ba a taɓa ba mu abinci ba tare da ita ba, kuma da maigida ya so ya bar musu wani abu, Alhaji ya ɓata rai sosai, ya ce baƙo ba ya biyan kuɗin tuwo a gidansa.

Mun je masallacin Kechimalai da ke kan dutse a bakin teku. Mun wuni ɗaya a Galle muna zaga ganuwar da Turawan Holan suka gina, kaya a can farashin 'yan yawon buɗe ido ne, ban sayi komai ba. Ratnapura kuwa, garin da ake haƙo duwatsu masu daraja, ruwan sama ne ya hana ni fita daga mota.

Inna ta ba ni ƙarfen gogar kwakwa da ƙunshin kifin nan. Na yi gurasar a gida ranar Juma'ar da ta wuce, da kwakwar da na saya wurin mai baro. A zaɓi wadda ta ƙosa, mai ruwa a ciki in an girgiza, don busasshiya ba ta ba da danshi. In kifin ya ƙare zan gwada da busasshen kifin Baga, a cire ƙaya a daka shi da albasar.