Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Karambanin Akuya

Makon jiya na tsaya inda Yaya ya shigo da kwamfuta gidanmu na Tudun Wada, Gusau, kwali biyu a bayan kabu-kabu. Tokumbo ce daga Kano, Pentium 4 mai Windows XP, RAM ɗinta, wato ɗan allon da take riƙe aikin da take yi a kai, 512MB. Aka girke ta a falon Baba, Inna ta ɗinka mata mayafi da ragowar atamfa. Doka ɗaya aka kafa mini: kallo nawa, taɓawa ta Yaya.

Da hunturun 2009 ta ƙi tashi. In an danna sai fanka ta juya, ta kama kuka tit-tit-tit, allo baƙi ƙirin. Yaya yana makaranta Sakkwato. Baba ya sa aka kira wani mai gyara, ba zan kama sunansa ba, ko murfi bai buɗe ba ya ce bodi, wato babban allon cikinta, ya ƙone. Kuɗin da ya yanka sun kai na gero buhu biyu. Baba ya ce a mayar mata da mayafinta.

Ni kuwa na sha zama kafe, wato shagon intanet, ina kallon yadda ake yi wa irin wannan kukan. Ranar da gida ya tafi biki Ƙaura Namoda na zare waya daga bango, na kwance kusoshi biyu. Ƙura ta yi dam a kan fanka kamar audugar katifa, ga mushen tsaka a gefe. Tsohon burushin haƙori na sa, da maficin Inna. Na taɓa ƙarfen akwatin tukuna, don wutar jikin mutum da hunturu tana kashe kayan ciki, sannan na danne 'yan maƙallan nan biyu, RAM ta fito. Bakinta mai ruwan zinare ya dushe. Ina cikin murza shi da abin goge fensir sai ga Kawu.

"Kai! Mi kaka yi nan? Karambanin akuya, gai da kura!"

Ya kama kunnena gaban 'ya'yansa. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ku bari in mayar in kunna." Na danna RAM ɗin a gurbinta sai da ta ce ƙas. Tit ɗaya tak, alamar lafiya, sai ga tutar Windows tana fitowa. Kun san abin da ya ce? "Dama hutawa ta yi." Haka kuma ya gaya wa Baba, wai da kanta ta tashi, ni ƙaramin karambani na yi Allah ya rufa asiri.

Karambanin akuya. Har na yi aure kalmar nan tana kunnena. A 2014, shekarar da Microsoft ta janye hannu daga XP, ina da ɗan shagona, Kawun nan ya aiko mini da laftof ɗinsa, takardun fanshonsa duk sun koma shotkot, wato alama kawai ba takardar, saboda bairos ɗin filash, cutar kwamfuta da ke bin filash. Ba su goge ba, ɓoye su aka yi. Na fito da su ban karɓi ko kwabo ba. Ya ce wa mutane, "Ai tun yana yaro na ga yana da hannu." Ban tanka ba, Inna ce ta harare ni.

Na koma baya. Bayan kwamfutar gidanmu ta tashi sai agogonta ya riƙa mantuwa, kullum sai an danna maɓallin F1, kwanan wata ya koma shekarun baya. Ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, na bolt 3. Wurin mai gyaran agogo a Tsohuwar Kasuwa na samo shi da kuɗin tarata, na sa a ɓoye, don kada akuya ta sake gai da kura a bainar jama'a.

Kusa ɗaya dai ta ɓace mini a ƙarƙashin kujera, kuma ita Yaya ya fara gani da ya dawo hutu. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.