Ashe abun da ya raba jinin A da na O ɗan sukari ne kawai

Jama'a duk wanda ya taɓa zuwa lab a duba masa rukunin jini ya ga yadda ake yi, a ɗiga jini wuri uku a kan farin tayil, a zuba ruwa shuɗi a ɗaya, rawaya a ɗaya, na ukun kuma fari kamar ruwa, a ɗan jujjuya, in jinin ya dunƙule ya yi gudaji-gudaji a wajen shuɗin sai a ce kai A ne, in a rawayan ne B, in duka biyun ne AB, in ko bai motsa a duka biyun ba a ce O, na ukun kuma shi ke nuna fozitif ne ko nagetif. To abun da ruwan nan yake kamawa sukari ne. Ba na shayi ba fa, ba kuma na ciwon suga ba, wasu 'yan sarƙoƙi ne na sukari da ke manne a bayan jajayen ƙwayoyin jini. Kowa nada tushen sarƙar, mai O a nan tasa ta tsaya, mai B an ƙara masa wani sukari guda mai suna galaktos a ƙarshe, mai A kuma wani ɗan uwan galaktos ɗin. Shi kenan bambancin. Amma a kan wannan ɗan abun in aka sa wa mai O jinin A garkuwar jikinsa za ta far masa, har a rasa rai. Karl Landsteiner ne ya gano rukunonin a 1901 a Biyana.

Kuma don Allah a daina haɗa shi da jinotayif, AA da AS da SS maganar abun da ke cikin ƙwayar ne, wannan kuma na bayanta.

To tunda haka ne me zai hana a aske sukarin, jinin ya koma O wanda kusan kowa zai iya karɓa? An daɗe da wannan tunanin. A 1982 Jack Goldstein a New York ya yi amfani da wani enzayim, wato sinadarin da ke yanke sukarin kamar aska, daga ɗanyen kofi ya mayar da B zuwa O, sai dai aikin na cin enzayim da yawa, tsada ta hana. Inda abun ya burge ni shi ne wurin da aka je aka samo askar da ta fi kaifi, cikin hanjin mutum. Bangon hanjinmu akwai wani yauƙi da ya lulluɓe shi, yauƙin nan cike yake da sukari masu kama da na rukunin jini, kuma akwai bakteriya da abincinsu kenan, kullum cikin gutsurar sa suke, wato su sun riga mu ƙwarewa tuntuni. A 2019 su Stephen Withers na jami'ar British Columbia a Kanada suka ciro enzayim biyu daga irin waɗannan bakteriya da ke cire sukarin A, a 2024 kuma masu bincike a Denmak da jami'ar Lund ta Suwidin suka fito da nasu daga wata mai suna Akkermansia muciniphila, suka ce na B ya kusa, na A ne da sauran aiki saboda ya fi rassa.

Daga jini sai aka tsallaka dashen gaɓoɓi, don jijiyoyin da ke cikin ƙoda da huhu ma suna ɗauke da sukarin nan. A 2022 a Toronto an gwada a huhu, a Cambridge ta Ingila kuma a ƙoda uku, ana saka gaɓar a injin da ke zagaya ruwa a cikinta sai a zuba enzayim ɗin na 'yan awanni. A 2025 aka wallafa cewa an mayar da ƙodar A zuwa O an dasa wa wani da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu a Chaina, da yardar iyalansa. Kwana biyu jiki bai tayar mata ba, a na uku sukarin ya fara dawowa. Dama aski ne, gashi zai sake tsirowa, ƙoda rayayyiya ce tana ci gaba da ƙera abunta, saɓanin jajayen ƙwayoyin jini da ba su da wannan damar. Ni dai a nan nake ganin masu kanun labarai sun yi azarɓaɓi da suke ta cewa an samu ƙodar kowa da kowa, wannan gwajin a jikin mutum ɗaya tak aka yi shi.

Mu a nan abun ya shafe mu, masu sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, mai haihuwa da jini ya ɓalle mata cikin dare dangi na ta buga waya ana cigiyar mai O. Amma wallahi ko gobe aka kawo enzayim ɗin nan ba zai ƙara ko leda ɗaya a firij ba, canza jinin da aka bayar yake yi, sai wani ya miƙa hannu an ɗiba tukuna, a tantance shi, a samu wutar da za ta riƙe shi da sanyi. Sannan nagetif da fozitif ɗin nan ba sukari ba ne, furotin ne da ke cikin fatar ƙwayar, enzayim ɗin bai taɓa shi kwata-kwata, don haka A fozitif in an aske shi O fozitif zai zama, mai O nagetif har yanzu sai an nemo masa jini nagetif.