Mol: yadda na koyi ƙirga da sikeli

A duk abin da muka yi a kemistiri na sakandare, babu darasin da ya buɗe mini ido kamar mol. Yawancin ɗalibai haddace ƙa'idar suke yi: a raba nauyin abu da nauyin mol ɗinsa. Haddar kan fitar da mutum a tambaya mai sauƙi, amma da an ɗan murɗa tambayar sai a yi cirko-cirko.

Abin da na gane shi ne mol ƙidaya ce. Kamar yadda dozin yake 12 ko na mene ne, haka mol yake ƙwayoyi 6.022 × 10²³. Atam ya yi ƙanƙanta, ba mai iya ƙirga shi ɗaya-ɗaya, shi ya sa ake komawa ga sikeli, nauyi ya faɗi adadi. Giram 12 na kabon da giram 18 na ruwa ba nauyinsu ɗaya ba, amma kowanne mol ɗaya ne, don haka yawan atam ɗin kabon daidai yake da yawan molikul ɗin ruwan, wato ƙwayoyin da atam ke haɗuwa su samar. Ita kanta 18 ɗin tana da tushe: a molikul ɗin ruwa, nauyin atam ɗin oksijin 16, atam ɗin haidirojin biyu kowanne 1.

Inda abin ya fi kama ni shi ne lissafin haɗuwar sinadarai. Idan aka rubuta 2H₂ + O₂ → 2H₂O, lambobin da ke gaban sinadaran mol suke ƙirgawa. A kan sikeli kuwa, giram 4 na haidirojin ne ke haɗuwa da giram 32 na oksijin, su ba da giram 36 na ruwa, ba ragi ba ƙari. Ka zuba haidirojin fiye da haka, rarar zama za ta yi, don babu sauran oksijin da zai kama ta. Wannan ya sa na daina ganin lissafin a matsayin wahalar da malami ya ƙirƙiro.

Shi Amedeo Avogadro, Ba'italiyen da lambar nan ta 6.022 × 10²³ ke ɗauke da sunansa, bai taɓa sanin ta ba. A 1811 ya ce iskoki masu girman wuri ɗaya, a zafi da matsi iri ɗaya, yawan molikul ɗinsu ɗaya ne. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Jean Perrin, ne ya laƙaba wa lambar sunan Avogadro a 1909.

Har yau kafin in taɓa kalkuleta sai na tambayi kaina: mol ɗin mene ne? Mol na atam ɗin oksijin giram 16 ne, na iskar oksijin, O₂, giram 32. A kan wannan kaɗai na ga ɗalibai masu ƙwazo sun zubar da maki.