Kafin ka ba wani kunnenka ya koya maka tuƙi

Shekara biyu na yi ina cewa na iya tuƙi, alhali abin da na iya shi ne motsa mota daga nan zuwa can. Laifin nawa ne, don ni na zaɓi waɗanda suka koya mani, kuma da araha na auna su.

Na farko yayana ne, ɗan wan babanmu, direban haya da ke jigila tsakanin Katsina da Daura da wata Golf da ta sha duniya. Duk danginmu an san hannunsa a sitiyari. Na ce ga malami a gida, me zai sa in kai kuɗina waje? Ran Juma'a bayan la'asar ya kai ni wani fili a bayan gari ta hanyar Jibiya, ya nuna mani kuloci da birki da totur sau ɗaya, ya ce in ja. Na saki kuloci, mota ta zabura ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. A karo na huɗu ya ce, "Kai, mi ke damunka ne? Saki a hankali mana!" Na ce, "Yaya, a hankalin kamar yaya?" Ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake haɗiye ruwa.

Daga baya na gane ba mugunta ba ce. Tun yana yaron mota abin ya shige masa ƙafa, bai taɓa mayar da shi magana ba. Ƙafarsa ta san wurin da kuloci ke kamawa, bakinsa bai sani ba. Abin da ya rage masa sai tsawa, ni kuma da ya ɗaga murya sai ƙafata ta ɗauki rawa. Ga nauyin zumunci: ba na iya ce masa ban gane ba sau biyu, ba na iya ce masa na fasa.

A mako na uku ya ce fili ya isa, mu shiga gari. Muka zo shataletalen Ƙofar Ƙaura da yamma, lokacin da 'yan napep da 'yan acaɓa suka cika titi. Babu wanda ya taɓa gaya mani cewa wanda ya riga ya shiga shataletale, wanda ke zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. Na kutsa kai, wani ya danna mani oda, na taka birki ban taka kuloci ba, mota ta mutu a tsakiya. Yaya ya kai mani rankwashi a ƙeya. Cikin ruɗewa na tayar da ita da giya a ciki, ta yi tsalle ta daki kurar wani ɗan ga-ruwa. Har yau ina ganin jarkokin nan masu ruwan ɗorawa suna gangarawa a kan kwalta, ruwa na bin kwata, mutumin ya riƙe kai. Allah ya tsare babu wanda ya ji ciwo. Na biya ruwa da gyaran kura da fitilar Yaya, muka yi wata guda ba ma haɗa ido a gidan suna.

Sai na tafi wata makarantar koyon tuƙi da na ga allonta a bakin titi, don kuɗinta ya fi na kowa sauƙi. Mu biyar ake lodawa a mota ɗaya, awa guda a raba mana. In ka samu minti goma a sitiyari ka gode Allah, malamin kuwa rabin lokacin yana waya. Ban tambaya ba kafin in biya, ban da bakin ƙorafi bayan na biya.

A haka na lallaɓa na fara fita da motar gidanmu, da ɗabi'un da na kwasa a tasha: ɗora ƙafa a kan kuloci ko da ba a canza giya, sakin mota a firi, wato babu giya, a gangara wai ana tattalin mai, duba madubi sai an ji oda. Bakanike ne ya fara tona ni, da ya ciro faifan kuloci ya ƙone ƙurmus, ya tambaye ni wa ke tuƙa motar nan. Shi ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon direban ma'aikata da ya yi ritaya yana koyarwa a wata makaranta mai rajista.

Ranar farko Baba bai bar ni na motsa ko taku ɗaya ba sai da na gyara kujera da madubai uku na ɗaura bel. Sannan ya ce in ɗaga ƙafa daga kuloci kaɗan-kaɗan ba tare da totur ba, in saurara. "Ka ji ƙarar injin ta sauka? Ka ji gaban motar ya ɗan ɗaga? To nan ne. Tsaya nan, ɗana, kada ka ƙara." Abin da na yi wata da watanni ina nema, ya ba ni shi a jimla huɗu. Motarsa tana da birki na biyu a gefen da yake zaune, saboda haka bai da dalilin ihu. In na yi kuskure sai ya taka, ya ce mu faka, ya tambaye ni me na gani kafin in yi abin da na yi. Ya kai ni wurin da ke da 'yar hawa ya sa na yi ta tashi da hambirki har na daina komawa baya. Ribas kuwa tsakanin duwatsu biyu ya koya mani, kullum yana matso da su.

To ƙanena, in za ka nemi mai koya maka, roƙi a bar ka ka zauna a baya ka kalli darasin wani kafin ka ba da ko sisi. Ka ga yadda fuskarsa take idan mota ta mutu a hannun ɗalibi. Tambaye shi dalilin abu guda, ko me ya sa ba a son firi a gangara. In ya ce "haka ake yi" kawai, ka san inda ka dosa. Amsar ita ce injin yana taimaka wa birki riƙe mota, in ka cire giya ka bar birki shi kaɗai. Ka tambayi minti nawa ne naka a sitiyari, ku nawa ne a mota, kuɗin mai yana ciki ko a'a, don tun da aka cire tallafi a 2023 wannan ya zama abin rigima. Ƙannena mata kuma, ku tambaya tun farko ko akwai mace mai koyarwa, ko za a yarda wani daga gida ya zauna a baya.

Ka kuma tabbatar makarantar tana cikin waɗanda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da su, domin sabon lasin yana farawa ne da takardar shaidarsu, sannan gwajin jami'an duba motoci, wato VIO, kuma sai ka cika shekara 18. Makarantar nan mai araha ba ta da wannan, sai da na zo neman lasin na sani. In da hali ka koya da mota mai giyar hannu, komawa otomatik daga baya wasa ne.

Yaya ya shiga motata bara, na kai shi Daura ɗaurin aure. Tun daga Katsina har muka isa bai ce uffan ba, sai dai na lura ƙafarsa ta dama tana ta taka birkin da babu shi a gefensa.