Darussa daga nazarin tafiyar Kyaftin Monteil

Duk ɗalibin tarihin da ya ɗauki littafin sojan Faransa Kyaftin Monteil na 1895, mai labarin tafiyarsa daga Saint-Louis zuwa Tarabulus ta Tafkin Chadi, ya yi hattara da babin yarjejeniyar da ya ce ya ƙulla da Sarkin Musulmi a madadin Faransa. A nan ake yawan zamewa, kuma marubucin ne farkon wanda ya zame.

Monteil ya iso Sakkwato a Oktoban 1891, shekarar da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya hau gado. A galabaice ya zo: Sarkin Mosi ya ƙi shi a Wagadugu, annobar shanu kuma ta cinye masa takarkarai a wajen Dori. Mutumin da ke cikin wannan hali ya samu takarda a fada, ya koma Faransa yana nuna ta kamar wanda ya ci ƙasa. Alhali abin da fada ta saba ba baƙon da ya zo da gaisuwa shi ne amana da izinin ciniki, ba mulki ba. Abin baƙin ciki ma, tun Agustan 1890 Ingila da Faransa suka ja layin raba ƙasa tsakaninsu daga Sayi a bakin Kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, ba su shawarci ko sarki ɗaya ba. Takardar kuwa ba ta hana Ingilishi cin Sakkwato a 1903 ba.

Don haka kafin a kafa hujja da irin wannan takarda, a tambaya: wa ya yi tafinta? Hatimin wa ke jiki? Akwai kwafin Larabci, kuma ya dace da na Faransanci layi bisa layi? Sai a gwada da wasiƙun fada na wannan lokaci. Wanda ya tsallake waɗannan, bakin Bature kawai ya ara.

Inda littafin ya fi amfani shi ne abin da idonsa ya gani: kasuwa, kuɗin wuri, goro, tsarin ayari. Ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Bello, dab da Yaƙin Basasa. Ya shiga Kukawa, babban birnin Borno, a Afrilun 1892, ya yi wajen wata huɗu yana jiran sallamar Shehu Hashimi, shekara guda kafin Rabe ya rushe garin. A amince da kwanakinsa, a tace hukuncinsa kan sarakuna, musamman waɗanda suka jinkirta shi.

Kada kuma a tsaya a 1892. Rundunar da ya ja kan Samori Ture, shugaban Mandinka mai yaƙar Faransa, ta gaza a 1895, ya ji rauni, aka kira shi gida.